Yadda na bi diddigin Vespar Babanmu har na gano asalinta

Vespar nan ta fi shekara ashirin a jingine a ɗakin soron gidanmu, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma da buhunan taki, har kaji sun mai da ƙasanta wajen kwana. Tun ina firamare Baba ya daina hawanta, to da Allah ya yi masa rasuwa aka zo maganar rabon gado sai Baffanmu yace komai sai an yi masa kuɗi, har tsintsiya, saboda akwai marayu ƙanana a ciki kuma haƙƙinsu ba abin wasa bane. Aka kira wani dillali ya zo ya ɗaga tabarmar ya leƙa, ko minti biyu bai yi ba yace wai ai wannan 'yar Indiya ce, Bajaj ce, ba mai sayenta sai 'yan gwangwan su auna a kilo, in an yarda shi zai bada dubu talatin ya ɗauke mana ita. Hajiya tana daga tsakar gida ta jiyo, ta ɗaga murya tace a'a, Malam 'yar Italiya ya saya, da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnati ta biya ma'aikata, ya saye ta sabuwa dal a 1975, ita ce ma ta fara hawa bayanta. Dillalin yayi murmushi yace Hajiya ai kowa haka yake cewa.

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Nace da Baffa ya bani wata ɗaya kafin a yanke mata kuɗi, in Bajaj ce a sayar yadda aka taya, in kuma ba ita bace to kar mu ci haƙƙin yara da jahilci. Yace jeka ɗana, Allah ya taimaka. Wata ɗayan nan sai da ya zama kusan wata biyar.

Abu na farko da nayi kuskure ne kuma gara in faɗa don wani ya kiyaye. Na samo samfefa mai kaushi na fara goge gefen bodin ina neman lamba, domin naji ance akwai lamba a jiki, ban san inda take ba kawai gogewa nake. Allah ya sa wani maƙocinmu ya leƙo ya hana ni, yace in ka cinye lambar da samfefa ka kashe babur ɗin gaba ɗaya, ya kuma yi min kwatancen wani tsohon bakanike a wajen Fagge wanda tun zamanin da Basfa take tashe shi aikinta kawai yake. Haka tsofaffi ke kiranta, Basfa, ni ma yanzu bakina ya saba. Muka ɗora ta a kurkura muka kai masa.

Dattijo ne ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni amma hannunsa yana gani. Na gaishe shi nace Baba ga abin da ke tafe da ni, ya zagaya ta sau ɗaya yana shafawa, bai ce komai ba ya tsugunna ya duba taya. Yace yaro karanta min abin da ke jikin tayar nan. Na goge ƙura na karanta 3.50-10. Yace to ka ga mun fitar da guda ɗaya, wannan ba Super bace, domin Super ƙafarta inci 8 ce, gajeriya, masu inci 10 su ne Sprint da Rally da waɗanda suka biyo baya. A gidanmu kuwa tun tasowata Super ake ce mata, har Hajiya. Yace ai mutane duk Basfar da suka gani Super suke cewa kamar yadda ake ce wa kowane garin wanki Omo. Amma yace kar kayi murna tukuna, Bajaj Chetak ma inci 10 ce, kuma daga jikin Sprint aka kwaikwayo ta, shi ya sa dillalinka ya samu bakin magana.

A nan ne ya warware min abin da ya rikita ni. Kamfanin Piaggio na Italiya shi ne mai Vespa, tun 1946 suke yinta a garin Pontedera, sunan ma da yarensu yana nufin zanzaro, saboda ƙugunta siriri da ƙarar da take yi. Bajaj na Indiya sun yi shekaru suna haɗa ta da lasisin Piaggio, lasisin ya ƙare a 1971, sai suka ci gaba da yin tasu da sunansu a kan kusan tsari ɗaya. To kayan sai suka zama suna shiga juna, murfin gefe, fitila, kebur, kuloci, kusan komai, kuma da kayan Italiya suka yi tsada a shekarun 1980 lokacin da naira ta fara faɗuwa, duk mai Basfa a Kano na Indiya yake sa mata. Yace da wuya ka samu wadda ta yi aiki shekara ashirin a titin garin nan ba a cusa mata kayan Indiya ba, don haka ba a yanke hukunci da abin da ake iya kwancewa da sifana, da abin da aka buga a jikin ƙarfe ake yankewa.

Lambar shasi yace tsofaffin ana buga musu a gefen hagu a bakin bodi ta ƙasa, na baya kuma a dama, in ka cire murfin inji ka duba can ta baya. Muka duba hagu babu, inda na ɓata da samfefa kenan a banza. Ya cire murfin dama, wajen duk baƙin mai ne da ƙasa sun daskare kamar kwalta. Bai taɓa shi da ƙarfe ba, kananzir ya zuba ya bar shi ya jiƙa muka yi sallar azahar muka dawo, sannan ya sa tsohon burushin goge baki yana bi a hankali a hankali. Da fenti ya fito sai ya ɗauko alli ya goga a kai ya share da yatsa, allin ya zauna a cikin ramin haruffan. Ya miƙo min tocilan yace haska ta gefe ba ta sama ba, karanta.

V, L, B, 1, T. Sai tauraro ƙarami, sai jerin lambobi, sai wani tauraron ya rufe.

Ban san lokacin da nace Alhamdulillahi da ƙarfi ba duk da a lokacin ban ma gama sanin ma'anarta ba, fuskar Baba bakanike kawai na gani ta canza. Yace VLB1T Sprint ce ta Piaggio, da Super ce da VBC1T zaka gani, da Rally 200 ce VSE1T, da P150X ce irin ta baya-bayan nan VLX1T. Daga baya da na zauna na bincika a waya na ga duk yadda ya faɗa haka yake, har na gane T ɗin ƙarshe daga kalmar telaio take wato shasi, ta inji kuma M ce daga motore. Mutumin nan bai yi boko ba amma haruffan nan suna kansa kamar sunayen 'ya'yansa. Ya kuma nuna min abin da ake dubawa don gane ko an yi wa lamba aika-aika, yace ka shafa bayan wajen da yatsa, in an yanko lamba daga wata an liƙa da walda zaka ji tudu ko ka ga fenti ya yi kauri a wajen, sannan haruffan kamfani zurfinsu ɗaya ne a layi ɗaya, na bugun hannu kuwa wani ya nutse wani ya karkace, kuma masu bugun hannu tauraron nan ne yake basu wahala. Tamu lafiya lau take.

Sai inji. Lambarsa tana jikin hannun da ya riƙe injin da bodi, ta ƙasa kusa da inda salansa ke ɗaurewa, sai da muka kwantar da ita a kan tsohuwar taya. Aka sake yin aikin kananzir. VLB1M ta fito. Amma lambobin da suka biyo baya ba su yi daidai da na shasi ba, gabana ya faɗi nace Baba an canza inji kenan? Yace a'a, Basfa ba a haɗa mata lambar inji da ta shasi su zama ɗaya, daga kamfani haka suke fitowa daban, haruffan farko su ake so su dace, VLB da VLB. Wannan abu na so mutane su riƙe shi domin na ga wani a intanet yana rantsuwa wai in lamba bata zo ɗaya ba jabu ce, yana sa mutane suna raina kayansu a banza.

Na ɗauka an gama, ashe an fara ne. Sprint iri biyu ce da haruffa ɗaya. Akwai ta farko da ta fito 1965, akwai Sprint Veloce da ta fito 1969 aka ci gaba da yinta har 1979, veloce ɗin wai mai sauri kenan. Tambarin da ke gaba ƙarƙashin kai mai kusurwa shida ne, wanda Piaggio suka koma amfani da shi daga 1967, kafin nan mai kusurwa huɗu ne, to wannan ya nuna ba ta farkon fari bace. Fitilar gaba zagayayya ce babba, ta farkon Sprint kuwa ba zagaye take ba, mai kusurwa ce sama ta fi ƙasa faɗi. Rubutun sunan da ke manne a baya ya daɗe da faɗuwa sai ramukan kusoshinsa. Baba yace duk wannan alama ce amma shaidar da ba ta ƙarya tana cikin silinda, in ka yarda mu buɗe. Nace a buɗe.

Noti huɗu ne suka riƙe kan silinda, biyu sun fito da sauƙi biyu sai da aka kwana ana jiƙa su da mai. Fistin ya kama saboda daɗewa, ya zuba masa man birki da kananzir ya bar shi kwana uku, kullum in na tashi daga kasuwa sai na biya, yana bugawa da guntun katako kaɗan kaɗan ba da guduma kai tsaye ba. Ranar da ya saki ya zare silindar ya juyo min ƙasanta yace ƙirga hanyoyin da mai ke hawowa. Uku na ƙirga, biyu a gefe da gefe, ɗaya a tsakiya, kuma a bakin injin ma akwai gurbin ta ukun. Yace Sprint ta farko da Super biyu gare su, ta ukun nan ita ce Veloce, ita ce ta ƙara mata gudu. A saman fistin bayan an kankare baƙin hayaƙi akwai kibiya mai nuna wajen salansa da lamba 57.4, yace asalin faɗin 57 ne, kenan an taɓa yi mata boring, wato ƙara faɗin cikin silinda, sau biyu, fistin ba na kamfani bane amma wannan ba aibu bane, duk injin da ya yi aiki sai an yi masa.

A daren na koma gida na gaya wa Hajiya, tayi shiru sannan ta tashi ta buɗe tsohuwar adakarta ta ƙarfe ta ɗauko wata leda da aka naɗe da tsumma. Fatikula ce da rasiɗin saye, takardar ta yi ja ta kakkarye a wajen ninki, amma lambar shasi tana nan da biro kuma ita ce dai wadda muka karanta da alli, shekarar kuma 1975. Tace ai da ka tambaye ni tun farko. Gaskiya ne ban tambaya ba, hankalina duk yana kan ƙarfe.

To daga nan aikin ya koma na tantance kaya ɗaya bayan ɗaya, wanne ne ɗan asali wanne ne aka sa daga baya. Na sayi littafi mai bango ja na raba shafi biyu, duk abin da muka kwance in ɗauki hotonsa in rubuta abin da ke jiki. Gilashin fitilar gaba akwai SIEM a jiki, sunan kamfanin Italiya da ke yin fitilun, rubutun a cikin gilashin yake ba fenti ba, ɗan asali ne. Mitar gudu Veglia ce, allurarta ta maƙale gilashin ya dushe amma tata ce. Fitilar baya roba ce mara suna, ta kasuwa. Kafireta kuwa ita ce ta sa dillali ya ce Indiya, domin Spaco ne a jiki, kamfanin Indiya ne da ke yin irin ta kamfanin Dell'Orto na Italiya da lasisi, tana aiki lafiya amma ba da ita ta zo ba, tata ta asali Dell'Orto SI 20/20 ce. Ita Sprint ta farko 20/17 take ɗauka, Super 20/15, lambar tana jikin kafiretar a buge in ka wanke zaka gani.

Bodi kuma maganaɗisu muka bi shi da shi, irin na cikin tsohuwar sifika. Ita Basfa ba ta da firam na bututu kamar sauran babura, bodin ƙarfen nan shi ne ƙashin bayanta, in ya ruɓe ko ya karkace komai ya tafi. Duk inda maganaɗisu ya kama ƙarfe ne, inda ya saki an cike da foti. Ya saki a waje biyu, gaban garkuwa ta hagu da gefen madigadi, alamar an taɓa faɗuwa an kai wa fanel bita. Wajen taka ƙafa akwai tsatsa amma bata huda ba, Baba yace busasshiyar iskar Kano ce ta cece ta, da a Legas ta yi wannan zaman da tuni ta zama rariya. Da muka ciro tanki sai ga fentin asali a ƙarƙashi bai taɓa ganin rana ba, ruwan azurfa, alhali ni da shuɗiya na santa. Ashe shuɗin fentin baya ne.

Neman kayan shi ne ya fi cin rai da kuɗin mota. Na zaga shagunan 'yan babura a Fagge, na shiga Sabon Gari, na yi Asabar uku a Ƙofar Ruwa ina tona tarin ƙarafa wajen 'yan gwangwan. Samari masu shago yawancinsu in kace Vespa sai su ce sai dai kayan Boxer ko Jincheng ko Lifan, wasu kuma su ce akwai su shiga ciki su fito maka da abu a leda an rubuta ƙirar Italiya. Wani ya kawo min fitilar baya haka yana rantsuwa orijina ce tsohon ajiya, ya tsuga kuɗi, na biya rabi na kai wa Baba da sharaɗin in ba ita bace zan dawo da ita. Ya ɗaga ta a hannu kawai yace mai da masa. Ya nuna min, robar shara-shara ce, bakin inda aka zuba ta a ma'auni yana da kaifi ba a gyara ba, rubutun jiki ya dusashe kamar an kwafa daga jikin wata, ramukan noti kuma basu hau na bodi ba sai an tanƙwara. Da na mayar sai mai shagon ya ƙi bani kuɗina cikakke wai na buɗe leda, na bar masa don bana son hayaniya amma abin ya min ciwo, ba don kuɗin ba, don rantsuwar da ya yi.

Inda na dace shi ne wajen wani tsoho mai rumfa a can cikin lungu, wanda a da dilan kayan Vespa ne yanzu jikokinsa ke sayar da man inji a gaban rumfar. Da naga kamar ba zai kula ni ba sai na nuna masa hoton lambar a waya, ya sa tabarau ya kalla yace Veloce? Ya tashi da kansa ya janyo wani akwatin katako daga ƙarƙashin benci. A ciki na samu fitilar baya ta SIEM da ɗan tsagewa a kusurwa, da rubutun baya na ƙarfe, da kafireta Dell'Orto, hannuna har rawa yake na goge ta, sai naga 20/17 ce, ta Sprint ta farko. Yace zata hau kuma zata yi aiki. Na san zata hau, amma ba ita nake nema ba, na saye ta dai na ajiye ko don musaya wata rana. Ya kuma yi min nasiha ɗaya da na riƙe, yace duk abin da ka cire ko ya mutu kar ka yar, sa shi a kwali ka rubuta, domin tsohon da ya lalace shi ne ma'aunin da zaka gwada sabo da shi.

Saura murfin gefen hagu. Tun ranar farko Baba yace wannan ba nata bane, na Bajaj ne, layin jikinsa bai bi na dama daidai ba kuma ƙarƙashinsa babu ruwan azurfa ko ɗigo. Na sa shi a jerin abin da zan canza. Da nake karanta wa Hajiya jerin sai tace wannan murfin ka bar shi. Tace ranar da za a haifi Yayarmu babba cikin dare ne ana ruwa, Malam ya fita a guje ɗauko ungozoma santsi ya kwashe shi a bakin kwalbati, murfin ya lotse ya fita, ya tashi da jini a gwiwa ya ƙarasa ya ɗauko ta a haka, bayan suna ya sa aka saka wannan, shi ne ma dalilin fotin da maganaɗisu ya gano da kuma shuɗin fentin. Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar. Na ɗauki biro na soke murfin daga jerin, a shafin na rubuta na Bajaj ne, Babanmu ne ya sa, 1979.

Da na kai wa Baffa littafin da fatikula da hotuna ya kira mutum biyu masu harkar tsofaffin babura suka yi mata kuɗi kowa daban, ba wanda ya faɗi abin da ya yi kusa da tayin dillalin nan, ninki ne ba kaɗan ba. Nace a sa ta a kasona in cika wa sauran magada abin da ya hau, kowa ya amince aka rubuta aka sa hannu.

An sa sabon ringi da gaskit da sil, an wanke tanki, an gyara fwayin domin wutarta ta da ce mai bolt 6, Spaco ɗin dai ita ce a kai har yanzu. Baba ya auna min mai da kansa, man inji mili 20 a kowace lita ɗaya ta fetur, yace kar in kuskura in zuba fetur zalla ko sau ɗaya. A kik na bakwai ta tashi, hayaƙi fari ya cika rumfar, yaran unguwa suka taru. Na hau na taho da ita a giya biyu har ƙofar gida ban ko shiga ta uku ba, Hajiya tun kafin in shigo layi ta gane ƙarar ta fito soro da mayafinta a hannu.

Abu uku suka rage a littafin, kafireta 20/20, allurar mita, da robar wajen taka ƙafa ta asali. Tsohon mai akwatin ya aiko min da saƙo jiya cewa akwai wani a Tudun Wadan Zariya da ke da matacciyar Veloce a bayan gida wadda bodinta ya ruɓe amma ba a taɓa injin ba, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan bi motar safe, da tocilan da alli da kwalbar kananzir a jaka.